Rajistar adireshin intanet ta ƙasa: a hannun wa alƙalamin zai zauna?

Idan Najeriya ta ce za ta kafa ofishinta na kanta da zai riƙa raba adireshin intanet ga kamfanonin sadarwa, bankuna da jami'o'i, wa ya kamata ya riƙe alƙalamin? Gwamnati, ko mutanen da ke cikin harkar dare da rana? Tambayar ta daɗe a bakin injiniyoyi, amma rikicin da ya dabaibaye AFRINIC, ƙungiyar da ke raba wa Afirka adireshi, shi ya fito da ita fili. Har nan Sakkwato na ji ana tafka muhawarar a wani shagon rajistar jarrabawa da ke Mabera, inda wani matashi ya yanke hukunci da cewa, "Ai lambobinmu na. Gwamnati ta amso su ta aje gida, magana ta ƙare."

Na fahimci kishinsa. Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. Masu faɗin haka suna ɗaukar adireshin intanet kamar hatsi ne da ake ɗaukowa a zuba a rumbu, alhali abin ya fi kama da littafin da ake rubuta wane ke da wace gona, kuma daga ina zuwa ina iyakarta.

Mene ne adireshin, kuma mene ne aikin rajista?

Duk na'urar da za ta aika saƙo ko ta karɓa a intanet sai tana da lamba, wadda ake kira adireshin IP. Idan ka buɗe data a wayarka ka bincika lambar da duniya ke ganinka da ita, sau da yawa za ka tarar ta fara da 41, 102, 105 ko 197. Waɗannan suna cikin manyan rukunan da aka ware wa Afirka.

Abu biyu ake yawan haɗawa da wannan, kuma dole a raba su. Na farko sunan shafi, irin wanda ke ƙarewa da .ng. Wannan aikin ƙungiyar NiRA ne, kuma tuni yana hannun 'yan Najeriya. Na biyu lambar waya. Ita lambar waya tun asali ƙasa-ƙasa aka tsara ta: Najeriya 234, Nijar 227, kuma a gida hukumar NCC ke rabawa. Adireshin IP ba a gina shi a kan iyakar ƙasa ba. Ana bayar da shi ne ga duk mai hanyar sadarwa da ya nuna yana da buƙata, ko kamfani ne, ko makaranta, ko ma'aikatar gwamnati.

Ita kuwa rajista ba ta da ƙarfen sabis ko ɗaya, ba ta da wayar da aka binne a ƙasa, saƙonka ba ya bi ta cikinta. Aikinta ta rubuta cewa daga lamba kaza zuwa lamba kaza na wane ne, ta tabbatar ba a ba mutum biyu lamba ɗaya ba, ta ajiye bayanin wanda za a nema idan matsala ta taso. Duk ƙarfinta a kan yarda yake. Ranar da kamfanonin duniya suka daina yarda da abin da ke cikin littafin, ranar ya zama takardar ƙunshe ƙosai.

Daga ina lambobin ke gangarowa?

A can sama akwai IANA, sashen da ke riƙe da babban kundin lambobi a ƙarƙashin ICANN, ƙungiyar da aka kafa a Amurka a 1998. Gwamnatin Amurka ta riƙa sa ido a kan wannan aiki ta hanyar kwangila har zuwa ƙarshen Satumba 2016, lokacin da ta janye hannunta. Wajen rabon lambobi, IANA ba ta mu'amala da ƙasashe. Tana ba ƙungiyoyin yanki guda biyar ne: RIPE NCC a Amsterdam ta Holan, APNIC a Brisbane ta Ostireliya, ARIN a Amurka, LACNIC a Montevideo ta Yurugwai, sai autarsu AFRINIC da aka amince da ita a 2005, mai mazauni a tsibirin Mauritius. Kafin wannan shekara, ɗan Afirka da ke son adireshi sai ya miƙa ƙoƙon bararsa Turai, Amurka ko Asiya. Mutane irin su Nii Quaynor na Ghana da Adiel Akplogan na Togo, wanda ya zama shugaban gudanarwar AFRINIC na farko, sun sha fama kafin nahiyar ta samu tata.

Cikin biyar ɗin nan babu wadda gwamnati ta mallaka. Ƙungiyoyin mambobi ne marasa neman riba. Ƙa'idojin rabo kuwa a zaure ake tsara su, zauren da kowa ke iya shiga ya kawo shawara, a yi ta ja-in-ja har a samu matsayar da mafi yawa suka gamsu da ita. Wannan zaure da mutanensa su ake nufi idan aka ce "al'umma" a wannan harka.

Tsohon tsarin lambobi, IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, ga duniyar da mutanenta suka haura biliyan 8. A ranar 3 ga Fabrairu 2011 IANA ta raba ragowar abin da ke hannunta. Yankuna suka riƙa ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, aka bar Afirka da sauran rara saboda ita ce ta zo a makare. Abin da a da ake bayarwa a kan kuɗin rajista kawai sai ya koma haja, har farashin adireshi ɗaya ya taɓa haura dala 50 a kasuwar duniya. Inda aka ga zuma, ƙudaje ba sa jiran gayyata.

Me ya kunno maganar a yanzu?

A 2019 rahotanni suka fito cewa an yi sama da faɗi da miliyoyin adireshin Afirka ta hanyar sauya bayanan rajista daga cikin gida. Kafin ƙurar ta lafa, sai AFRINIC ta shiga shari'a da wani mambanta, kamfanin Cloud Innovation mai rajista a Seychelles, wanda ke riƙe da adireshi sama da miliyan 6. AFRINIC ta ce ana amfani da su ba bisa sharaɗin da aka bayar da su ba, kamfanin ya musanta ya garzaya kotu. A Yulin 2021 kotu a Mauritius ta rufe asusun bankin ƙungiyar na wani lokaci. A 2022 majalisar gudanarwarta ta kasa cika adadin da za ta iya zama ta yanke shawara. A Satumbar 2023 kotu ta naɗa mai riƙon ƙwarya. An yi zaɓe a Yunin 2025 aka soke shi saboda ƙorafi a kan takardun wakilcin jefa ƙuri'a, sai a Satumbar shekarar aka samu sabuwar majalisa.

Shekara uku ke nan littafin gonakin nahiya guda ya yi a hannun alƙalan tsibiri ɗaya. Duk jami'in gwamnatin da ya kalli wannan ya ce "mu kafa tamu" ba za a ce ya yi rashin hankali ba.

Waɗanda suka riga mu

Rajistar ƙasa, wadda masana ke taƙaita sunanta da NIR, wakiliya ce tsakanin ƙungiyar yanki da masu buƙata a ƙasa ɗaya. Guda tara ne a duniya: bakwai a Asiya, wato Japan, Koriya ta Kudu, Sin, Taiwan, Biyetnam, Indonesiya da Indiya, sai Birazil da Meksiko. Babu ko ɗaya a Afirka, babu a yankin RIPE NCC ko na ARIN. APNIC ma da ta fi kowa yawansu ta dakatar da karɓar sababbi tun 2012.

Ba ɗinki ɗaya aka yi musu ba. A Sin, Biyetnam da Koriya ta Kudu hukumomin gwamnati ne ke riƙe da aikin. A Indonesiya ƙungiyar kamfanonin intanet, APJII, ita ke da shi. A Indiya yana ƙarƙashin NIXI, kamfani marar neman riba amma wanda babban sakataren ma'aikatar fasaha ke shugabanta. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Birazil. Tun 1995 suka kafa kwamitin da ake kira CGI.br, wanda a yau yake da kujeru 21: tara na gwamnati, goma sha ɗaya na 'yan kasuwa, ƙungiyoyin farar hula da malaman jami'a waɗanda takwarorinsu ke zaɓa, ɗaya na wani masani. Gwamnati ita ce babba a ɗakin, amma ba ta isa ta yanke komai ita kaɗai ba. Sai ta shawo kan wasu.

Akwai sharuɗɗa biyu a tsarin APNIC da suka dace a riƙe. Ba a amincewa da rajistar ƙasa sai gwamnatin ƙasar ta sa mata albarka a rubuce. Sannan ba a tilasta wa kowa shiga: kamfanin da ya fi son ya yi hulɗa da APNIC kai tsaye yana da wannan dama. Sharaɗin farko ya ba gwamnati mutuncinta, na biyu ya bar wa mutane ƙofar fita.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce

Wasu injiniyoyi suna magana kamar gwamnati baƙuwa ce a harkar intanet. Ban yarda da su ba. Albashin ma'aikata, rajistar JAMB, lambar NIN, kuɗin da mai sayar da albasa ke karɓa ta POS, duk a kan waɗannan lambobi suke tafiya. Idan abin ya lalace, ba wanda zai je Mauritius ya yi zanga-zanga. Gidan gwamnati za a nufa.

Kuma babu rajistar da ke shawagi a sama ba tare da dokar wata ƙasa ba. A 2022 Yukiren ta nemi ICANN da RIPE NCC su ƙwace sunaye da adireshin Rasha, duka biyun suka ƙi, suka ce ba a mai da rajista makamin yaƙi. An yaba musu. Amma ita RIPE NCC ɗin tana ƙarƙashin dokar Holan, dole ta bi takunkumin Tarayyar Turai, kuma takan daskarar da rajistar mambobin da takunkumin ya shafa. Ashe dai ko ka ƙi gwamnatinka, gwamnatin wani na nan a kanka.

Ga kuma maganar aljihu. Kuɗin zama mamban AFRINIC da dala ake biya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake samu a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Ƙaramin kamfanin da ke raba intanet ta rediyo a Arkilla ko Gawon Nama, da a ce zai biya da naira, ya shiga ofis a cikin ƙasarsa ya yi magana da wanda ya san halin da ake ciki, da ya ji sauƙi. Sai dai a sani, ita rajistar ƙasar ma sai ta biya ƙungiyar yanki da kuɗin waje. Nauyin ba ya ɓacewa, sauya kafaɗa yake yi.

Hujjar tsaro ita ce ta fi shiga zuciyar mutanenmu, kuma ita ce ta fi rauni. Rajista tana nuna kamfanin da ke da lamba ne, ba mutumin da ke riƙe da waya a dajin Gundumi ba. Wannan bayani yana hannun kamfanin sadarwa, kuma jami'an tsaro suna da hanyar nemansa ta doka ko an kafa rajistar ƙasa ko ba a kafa ba.

Inda tsoron yake

Duk Basakkwacen da ya taɓa mallakar fili ya san Dokar Amfani da Filaye ta 1978. Ta ɗora ƙasar jiha gaba ɗaya a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon bayar da takardar shaidar mallaka, ta kuma ba shi ikon soke ta da sunan maslahar jama'a. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kowa ya san yadda "maslahar jama'a" ke miƙewa kamar danƙo idan siyasa ta shigo. Yanzu a ɗauki wannan iko na sokewa a ɗora shi a kan adireshin gidan jarida, ko na jami'ar da malamanta ke yajin aiki, ko na kamfanin da mai shi yake jam'iyyar adawa.

Ba mafarki nake ba. A Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, bai dawo ba sai Janairun 2022. A Satumbar 2021, bayan an kashe na Zamfara, an kashe sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jiharmu, har da Isa, Sabon Birni, Goronyo da Rabah. An yi don yaƙi da 'yan bindiga, kuma mutane da dama sun goyi baya da zuciya ɗaya saboda azabar da ake sha. Amma na ga abin da ya biyo baya da idona. Wata gwaggona ta biya kuɗin mota tun daga ƙauye ta shigo birni don kawai ta ji muryar ɗanta da ke ci-rani a kudu. Ta zauna a zauren gidanmu da wayar a kunne, tana ta maimaita "Lahiya lau muke, kak ka damu," hawaye na zuba.

Gaskiya ita ce ba ta rajista aka bi aka yi waɗannan ba. Umarni aka ba kamfanoni, suka kashe ƙarafan sabis. Na kawo su ne don a ga cewa idan makunni yana kusa da hannu, wata rana sai an taɓa shi. Kuma makunnin rajista ya fi na ƙarfen sabis isa nesa.

Dalili shi ne yadda saƙo ke gane hanya. Kowane kamfani yana shelanta wa maƙwabtansa cewa lambobi kaza ta wurina ake zuwa gare su, su kuma su gaya wa na gaba. Shekaru da yawa a kan amana kawai ake wannan. A Fabrairun 2008 gwamnatin Pakistan ta ba da umarnin toshe YouTube a cikin ƙasarta, shelar ƙaryar da aka yi don toshewar ta tsallaka iyaka, YouTube ya ɓace wa kusan duk duniya na wajen awa biyu. A Nuwamban 2018 kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da zirga-zirgar Google ta bi ta Sin da Rasha na sama da awa ɗaya. Don maganin irin wannan aka fito da tsarin RPKI, wani hatimi na lantarki da rajista ke bugawa don shaida cewa wane ne ke da izinin shelanta lambobi kaza. Manyan kamfanonin duniya da yawa yanzu suna watsi da duk shelar da ta saɓa wa hatimin. Abu ne mai kyau ƙwarai. Amma yana nufin cewa mai riƙe da hatimi, idan ya sauya shi ya ce lambobin nan na wani ne, zai iya sa a daina jin mai su na asali daga Landan har Tokyo, ba tare da ya taɓa waya ko ɗaya ba. Littafin da a da rubutu ne kawai, yanzu ya yi haƙora.

Ita "al'ummar" wace ce?

Nan ne nake rabuwa da abokaina masu cewa a bar wa al'umma komai. Rikicin AFRINIC ba gwamnati ta haddasa shi ba. A cikin gidan al'umma ya tashi. Ƙungiyar da mambobinta da yawa ba sa zuwa taro, ba sa jefa ƙuri'a, suna sa hannu a takardar wakilci su miƙa wa wanda ba su sani ba, mai kuɗi zai iya sayenta cikin sauƙi fiye da yadda zai sayi ma'aikata.

Al'umma ma takan so ta wuce gona da iri. A 2017, bayan Kamaru ta katse intanet na wata uku a yankunanta masu magana da Ingilishi, wasu suka kawo shawara a zauren AFRINIC cewa duk gwamnatin da ta katse intanet a hana ta adireshi na shekara guda. Niyyar mai kyau ce, amma a taron Nairobi na wannan shekarar ba a amince da ita ba, kuma a ganina an yi daidai. Wanda ya ce kada gwamnati ta mai da rajista bulala, shi ma bai kamata ya mai da ita bulala ba.

Sai mu dawo gida. Idan aka ce al'ummar intanet ta Najeriya, sunayen da ke fitowa su ne ATCON da ALTON na kamfanonin sadarwa, IXPN mai haɗa hanyoyin cikin gida, ngNOG na injiniyoyi, NgREN na jami'o'i, da ita NiRA. Mutane ne masu ƙwazo da suka yi wa ƙasar nan aiki. Amma yawancin tarukansu a Legas da Abuja ake yi, da Turanci, a otal. Daga Sakkwato zuwa Legas tafiyar kusan kilomita dubu ce. Injiniyan da ke kula da kwamfutocin wata makaranta a nan, wanda albashinsa bai kai kuɗin jirgi zuwa da dawowa ba, yaushe za a ji muryarsa? Idan aka kafa rajistar ƙasa aka ce ta al'umma ce, alhali manyan kamfanoni huɗu da wasu 'yan tsiraru na Legas ne kawai a ɗakin, to a wurin mutumin Gwadabawa ko Yabo sunan mai sarautar ne kawai ya canja. Abin mamaki ma, a nan gwamnati ce ke iya zama garkuwar na nesa, domin ita ce ke da nauyin kowace jiha a wuyanta.

Yadda za a iya raba aikin

Ba sai mun je Birazil neman darasi ba. A farkon shekarun 2000 an yi ta rigima a kan wa zai riƙe .ng, har sai da Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki. Abin da aka yi a ƙarshe shi ne a 2005 aka kafa NiRA a matsayin ƙungiya marar neman riba ta masu ruwa da tsaki, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta ƙulla yarjejeniya da ita ta miƙa mata gudanarwa. Gwamnati ta riƙe matsayin uba, ta bar aikin yau da kullum ga masu shi. Shekara ashirin ke nan .ng bai sake komawa cikin waccan rigimar ba.

Mu ma a kasuwanninmu haka muka gada. Hukuma ce ke da kasuwa, ita ke ba da izini ta karɓi haraji, amma wa zai zauna a wace rumfa a layin mahauta, wa ya yi wa wani shigar sauri, wannan sarkin pawa da dattawan sana'a ke warwarewa. Ranar da jami'i ya fara raba rumfuna da kansa, ranar ake fara jin "ɗan wane ne ya samu".

Don haka ni a wurina, gwamnati ta sa albarka, ta samu kujerunta a majalisar gudanarwa, ta ga littafin kuɗi, ta kawo buƙatun ma'aikatunta kamar kowa. Amma kada kujerunta su kai rinjaye, kuma kada minista ya zama mai naɗa shugaba da tsige shi. Kuɗin gudanarwa ya fito daga mambobi, domin wanda ke ciyar da kai shi ke gaya maka lokacin kwanciya. A ware kujeru ta shiyya, kamar yadda ita kanta AFRINIC ta ware shida daga cikin kujerun majalisarta ga shiyyoyin Afirka shida, a kuma riƙa zagayawa da taro har ya zo Arewa maso Yamma.

Biyu daga cikin sharuɗɗan ne ba zan sassauta a kansu ba. Ƙwace adireshi ko taɓa hatiminsa kada ya yiwu da wasiƙar wani ofis ko kiran waya. Sai da dalilin da ke rubuce a ƙa'ida tun kafin rigimar, irin ƙin biyan kuɗi ko gabatar da takardun bogi, tare da sanarwa, da wa'adi, da damar ɗaukaka ƙara. Sannan ƙofar fita ta zauna a buɗe: wanda ya ga ya fi masa ya ci gaba da AFRINIC kai tsaye, a bar shi. Rajistar da ta san mutane na iya barinta dole ta gyara halinta. Wadda doka ta ce dole sai ta hannunta, ba abin da zai hana ta zama wani shingen karɓar na goro.

Duk wannan ma sai idan hanyar ta buɗe. Tunda AFRINIC ba ta da rajistar ƙasa ko ɗaya a ƙarƙashinta, sai an kai maganar zaurenta an tsara ƙa'ida an amince. Ƙasa na iya yin doka ta kafa ofis ta ba shi suna, amma ba za ta iya tilasta wa kamfanin Jamus ko na Indiya ya yarda da littafinta ba.

Me zai canja wa mai waya a Sakkwato?

Farashin data ba zai sauka saboda wannan ba. Kuɗin adireshi ɗigo ne a cikin abin da kamfanoni ke kashewa. Man dizal na janareta, dala, da wayoyin da ake tsinkewa wajen aikin hanya, su suka kai ga ƙarin kashi 50 cikin 100 da NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Kuma rajistar ƙasa ba za ta haifo sababbin lambobin IPv4 ba. Tun Janairun 2020 AFRINIC ta shiga matakin tsimi, inda mai nema ba ya samun fiye da adireshi 1,024 a lokaci ɗaya.

Ƙarancin nan kuwa muna jin sa kullum ba mu san sunansa ba. Kamfanonin waya suna cusa ɗaruruwan mutane a bayan adireshi ɗaya. Shi ya sa wani shafin zai tsare ka ya ce ka tabbatar kai mutum ne, ka zaɓi hotunan da ke da mota, saboda wani da kuke raba lamba da shi ya yi ɓarna. Shi ya sa kana zaune a Runjin Sambo shafi zai ce kana Legas. Maganin wannan IPv6 ne, sabon tsarin da lambobinsa suka yi yawan da ba a fargabar ƙarewarsu. A nan ne gwamnati ke da aikin da ba wanda zai yi jayayya da ita: ta sa sharaɗi cewa duk kayan sadarwar da ma'aikatu za su saya, da duk shafin hukuma, su yi aiki da IPv6. Wannan ba ya buƙatar sabon ofis ko sabon shugaba.

Akwai kuma abin da ke hannunmu. Duk cibiyar da ta karɓi adireshinta kai tsaye daga AFRINIC ta zama mamba mai ƙuri'a. Jihar da ke da Jami'ar Usmanu Danfodiyo tun 1975, da jami'ar jiha, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da kwalejin ilimi ta Shehu Shagari, da asibitin koyarwa, ba ta rasa cibiyoyin da za su iya zama a wannan ɗaki ba.

Kwanan baya na zauna da ƙanen wani abokina da ke kula da na'urorin wata makaranta a cikin gari. Ya buɗe min kwamfutarsa ya nuna min cewa duk lokacin da suka canja kamfanin da ke ba su intanet, sai sun sauya lambobin na'urorinsu gaba ɗaya, domin lambobin na aro ne. Ya riga ya cike takardun neman nasu, ya zana taswirar hanyoyin makarantar ɗaki-ɗaki kamar yadda ake buƙata, shugaban makarantar ya sa hannu. Na tambaye shi ko zai jira a ga yadda maganar rajistar ƙasa za ta kaya. Ya girgiza kai. "A'a Yaya. In sun kafa ta, ina son su iske mu da ƙuri'armu a hannu. Abin da ya rage yanzu shi na a samo dalar."